Ɗigon Shuɗi a Sheffield

Ƙarfe tara da kwata, ana yayyafi,
na fito daga gidan tsoho Mista Ollerton
da takardar maganinsa a aljihu.
Na baro ƙirjinsa yana kuka
irin na ƙyauren da ya manta da mai.

Waya ta ce: ga ki nan.
Ɗigo ne shuɗi, bai fi ƙwayar wake ba.
Ni Lantana, mai 'ya'ya uku da ciwon gwiwa,
an dunƙule ni na koma ɗigo.
Na fuskanci gabas, ya fuskanci yamma,
yana waige-waige kamar kazar da aka kwance a baƙuwar kasuwa.

Kantin magani nake nema.
Alamomi sun yi cincirindo a tafin hannuna:
kofi mai mariƙi, kofi mai doguwar ƙafa,
wuƙa ta jingina da cokali mai yatsu,
gado, jaka, almakashi,
da wani abu, ko fitila ko laima, Allah masani.
Na ware yatsu biyu don su girma,
sai suka hayayyafa.

Can na hango ɗan gicciye.
An gaya mini a ƙasar nan shi ne shaidar magani.
Na bi shi, na kama hawa.
Taswira ba ta san tudu ba.
Ɗan mutumin da suka zana yana tafiya
ba shi da gwiwa, ba ya haki,
shi ya sa ya ce minti shida.

Minti sha tara na yi.
Coci na tarar, a kulle,
da wani benci da ya sha ruwa ya ƙoshi.
Ashe gicciyen magani kore ne, ƙafafunsa daidai,
wannan kuwa ruwan toka, ƙafa ɗaya ta ɗara saura.
Ɗan tsawon nan da bai kai farcen jinjiri ba
shi ya cinye mini rabin sa'a,
ta bayan gilashin da ruwa ya ɗiɗɗige,
da idon da ya ba hamsin baya.

Kai da ka zana, ko ke,
a ɗaki mai ɗumi, gaban allo mai faɗin faifai goma,
na san ba mugunta ba ce.
Amma kakata a Malumfashi
tana gane karsanarta daga ƙetaren rafi
da tsagar kunne guda.
In ta yi maka kwatance, cewa take:
wuce rijiya, sai durumi, sai jan ƙyaure.
Ba a komowa a sake tambaya.
Shaidar da sai an ƙura mata ido
ta tashi daga shaida, ta koma ado.
Fitar da zanenka cikin ruwa,
miƙa wa mai tabarau, mai safar hannu,
wadda ta baro mara lafiya shi kaɗai,
ka ga ko zai buɗe baki.

Wata dattijuwa ce mai jan kare
ta ga ina jujjuya waya kamar mai tankaɗe.
Ba ta ko dubi allon ba.
Ta ce gangara, ki wuce mai soya kifi,
za ki ga kore yana ƙyaftawa.

Goma saura biyar na isa.
An sauke ƙofar ƙarfe rabi,
yaron kantin, Harjit, ya ɗaga mini ita da kafaɗa.

Da na koma, tsohon bai yi barci ba.
Ya dubi takalmina, ya dubi agogo,
ya ce, kin ɓata ne?
Na zuba masa ruwa a kofi, mai mariƙi.
Na ce a'a,
ɗigon ne ya ɓata,
ni ina nan.