Mai Riƙon Agogo

Ni ne ke tsayawa a bakin farin layi,
agogo a dama, takarda a hagu.
Shekara goma sha huɗu ina wannan tsayuwa,
har yaran suka raɗa min suna: Sarjan Babu-Ragi.

Ran da suka zo mun auna su kamar gero a Kasuwar Dole:
tsawo a jikin bango, ƙirji da igiya, nauyi a sikeli.
Likita ya leƙa haƙori, ya ƙwanƙwasa gwiwa,
ya rufe musu ido ɗaya, ya ce a karanto baƙaƙen allo.
Wani mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa ya koma Mirya tun a ranar,
takalminsa a hannu, bai yi wa kowa sallama ba.

Sauran muka aske su ƙwal.
Muka koya musu hagu da dama, sai ka ce ba su taɓa tafiya ba,
kwance bindiga da haɗa ta ido a ɗaure,
harsashi goma, bakwai su shiga baƙi,
rarrafe a ƙarƙashin waya, ciki na kwasar ƙarangiya,
da wanka da ruwan gwangwani ɗaya,
wanda shi kam ɗan Damagaram bai nemi malami ba.

Yau ce ta ƙarshe: gudu da kaya a baya,
daga ƙofar bariki, a zaga bayan duwatsu,
a dawo kafin lokacin da takarda ta yanka.

Mutari ɗan Garin Malam, ban taɓa shakkarsa ba.
Kafin ya sa kaki kurar ruwa yake turawa,
jarka goma, hawa da gangara, har lungunan Birni.
In aka ce gudu, shi ke fara dawowa,
ya kurkure baki, ya zauna jiran na biyu.

Yau na ƙirga kawuna, arba'in, hamsin, babu nasa.
Sai can, inda hanya ta karya kwana wajen tsamiya,
na hango wani abu mai ƙafa huɗu, uku ke taka ƙasa:
Mutari ne, jaka biyu, bindiga biyu,
da Tasi'u ɗan Gure rataye a kafaɗarsa,
idon sawu ya kumbura kamar goruba.

Suka taka layi. Na danna.
Daƙiƙa goma sha ɗaya ta hau musu.

Takardata na da gidan suna,
gidan lamba, gidan lokaci.
Ba ta da gidan mutumin da ya waiwaya.

Da bakin nan na ce musu, ba a barin ɗan'uwa a daji.
Da bakin nan na ce musu, lokaci ba ya da ƙane.
Ban taɓa zaton maganganun biyu
za su zo min tare, suna haki, a safiya ɗaya ba.

Kofur Barma ya matso, murya ƙasa-ƙasa:
“Sarjan, agogon ai a hannunka yake.”
Na sani.
Amma in na aske goma sha ɗaya yau,
gobe wani zai zo da ashirin da ɗaya
da wasiƙar kawunsa a aljihu,
kuma da wane ido zan dube shi?

Na rubuta abin da agogo ya faɗa.
Sannan a gefen takarda, inda babu gida,
na matsa ƙananan baƙaƙe, na rubuta abin da ido ya gani.
Ko kyaftin ya karanta, ko ya ɗora kofin shayi a kai,
wannan ya fi ƙarfin igiyar kafaɗata.

Akwai maimaici ran Alhamis.
Na je in gaya wa Mutari, na same shi a tsugune
yana kwance wa Tasi'u igiyar takalmi a hankali.
Na shirya jin roƙo, na shirya jin zagi a ciki.
Ya miƙe, ya ƙame, ya sara min:
“Sarjan, ƙafar nan tasa fa,
za ta sace kafin Alhamis?”

Ban da amsa.
Na mayar da agogo aljihu, na ce a kawo ruwan sanyi.