Gurbi a Ƙirjin Riga

Yau an kaɗa ƙarfen taya, ba wanda ya ruga.
Shekara uku yana korar mu, yau mun bar shi yana kuka.
Takardar ƙarshe lissafi ce, mun miƙa, an ƙirga,
muka fito tsakar fili muna ta waige-waige
kamar baƙin da mota ta sauke a Kejetiya da asuba.

Afriye ta fara. Ta zaro alƙalami mai kaurin baki,
ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Juya bayanka."
Farar rigar da Inna ke sa wa bula duk Lahadi,
wadda ɗigon shito ɗaya ke jawo mini faɗa,
yau ta zama allo, kowa na rubutawa.

Humu ta sa sunanta a kafaɗa,
Humun da ta kwafi aikina zango guda,
muka faɗi tare, ta ce laifina ne.
Dawuni ya zana kwano da cokali a aljihu
don garin da muka jiƙa mu shida, ƙullin suga ɗaya,
ranar da trotro ya cinye kuɗin waken rana.

Na tuna zuwana, wando na sharar ƙasa.
Baba ya ce, "Za ka girma a ciki." Na kuwa girma,
har idon sawu ya leƙo yana gaida jama'a.
Na tuna Malam Opoku, alli har a gira:
"Wanda ya makara ya ɗau adda!"
Ciyawar bayan ɗakin gwaji ta san tafina
fiye da yadda littafin kimiyya ya san fuskata.

Da daren da aka ɗauke wuta a Aboabo,
jarrabawa gobe, muka kewaye fitilar mai shayi.
Ya ce, "Ku karanta, amma kar ku tare mini benci."
Can tsakar dare ya ƙara mana madara,
bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

Mu arba'in da bakwai muka shiga. Yau na ƙirga.
Sharifatu, gidansu sun koma Tamale.
Boakye, zazzaɓin kwana huɗu ne kawai;
wata biyu kujerarsa ba ta ga mai zama ba.
Mutala kuwa, da ya fi mu duka kan lissafi,
mahaifinsa ya kwanta muna aji biyu,
ya ajiye biro, ya ɗau sifana a Suwame.

Na bar gurbi a ƙirji, wajen hagu,
duk wanda ya kawo hannu sai in kauce.

A bakin ƙofa, gefen mai ƙosai, sai ga shi tsaye,
rigar aiki baƙa ƙirin, ya roƙi maigida awa guda.
Bai ce barka ba. Ya ce, "Ku ba ni takardar."
Ya duba ta biyar, leɓe na motsi,
ya ce, "Goma sha biyu."
Muka yi tsit. Ni tara na rubuta.

Na miƙa masa alƙalami, na nuna gurbin.
Ya dubi hannunsa, ya yi dariya, "Zan ɓata ta."
Na ce, "Dube ta, me ya rage?"
Ya mayar mini da alƙalamin,
ya danna babban yatsa daidai bugun zuciya,
baƙin mai ya zauna, da zanen fata a cikinsa.

Ya ce awarsa ta cika, ya tsallaka titi da gudu.

Da magariba Inna ta ɗaga rigar a ƙofar ɗaki,
ta daɗe tana bin sunayen da ido,
ta ce, "Kawo bokiti in jiƙa."
Na ce, "Inna, wannan ba ta shiga ruwa."