Mai Ƙanƙara a Bakin Fili

Ƙanƙara nake sayarwa a bakin filin Garin Malam,
kula biyu, da kujera mai ƙafa uku da rabi.
Ni ma ƙafata ɗaya da rabi ce,
shi ya sa ba ma faɗa.

La'asar sakaliya yara ke kafa raga da duwatsu,
abin da Damagaram ba ta taɓa roƙo ba.
Jama'a na bin ƙwallo da ido,
ni ƙafafu nake kallo.
Shekara goma sha tara a nan sun koya mini
kowane ciwo da irin sallamarsa.

Targaɗe ba ya ihu da farko.
Zabeiru ya yi tsalle, ya dira a gefen sawu,
ya tashi yana dariya, yana ɗingishi.
Kafin magariba idon sawun ya tasa kamar fanke.
Jijiyar da ke riƙe gaɓa ce aka ja,
kamar igiyar guga da ta wuce tsawonta.
Wani ya ce a murza. Na ce cire hannunka!
Igiyar da ta fara saɓulewa ba a gwada ta da ƙarfi.
Na naɗe ƙanƙara a tsumma, ba a kan fata tsirara ba,
na ɗaure, na ɗora ƙafar bisa kula.
Ban karɓi ko dala ba.

Tsoka kuwa ɓarauniya ce, daga baya take zuwa.
Tasi'u na cikin gudu ya dafe cinya,
ya waiwaya neman wanda ya jefe shi.
Babu kowa.
Jiki ne mai sanyi aka tasa ba a ɗumama ba.
Akwai kuma ƙullewar sha-raɓa,
ta mai gumi da bai sha ruwa ba,
a garin da jarka ke da farashi.

Gocewa na gani sau huɗu.
Ta ƙarshe kafaɗar Bintu ce, mai tsaron gidan 'yan mata,
hannu na lilo kamar ƙyauren da ya bar mazauninsa.
Ba a ja. Ba a gwada gwaninta.
An rataye shi da ɗankwali, sai asibiti.

Karaya ita ke magana da baki:
ƙas! kamar karan dawa a ƙarƙashin jaki,
fili duka ya yi tsit.
A tallafe ta yadda take, kar a miƙe, kar a lanƙwasa.
Ina girmama maɗori, kakana ma ya yi ɗori,
amma a fara ɗaukar hoto,
yatsa ba ya ganin abin da ke cikin ɓargo.

Ka ce ina na karanta?
A nan, taɓa gwiwar.
Kokowa na yi. Kiyari Kafa-ƙasa, ni ne.
Ranar da ta ce ɓas a tsakiyar yashi,
likita ya ce wata uku.
Na yi kwana tara.
Makaɗi ya biyo ni har zaure yana kiran sunan ubana,
na ɗaura laya, na koma.
Ganga ba ta da gwiwa, shi ya sa ba ta da tausayi.
Yau ita ke faɗa mini hadari tun yana Mirya.

Jiya Zabeiru ya dawo, kwana biyar kacal,
takalmi rataye a wuya.
Ya ce, Baba, ai ta warke, kumburi ya saɓe.
Na ce tsaya a kanta ita kaɗai
har in ƙirga canjin nan.
Ban kai ɗari biyu ba ya kama kafaɗata.

Na matsa masa gefen kujera.
Ya zauna yana huci, idonsa a fili.
Na miƙa masa leda da guduma:
fasa wa mai shayi ta hamsin.
Ƙwallo ba ta tsufa, yaro.
Gobe ma tana nan.