Fayil Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar farko Malama Tumba ba ta ba ni kujera ba,
makulli ta ba ni,
ɗan ƙarami, ɗaure da zaren buhu.
Ta ce, "Wanga na kabad ne.
Na bakinki, ke za ki nemo shi."

Daga Mabera nake hawo kabu-kabu
tun rana ba ta fara cizo ba,
in sauka kamfanin shinkafa na hanyar Wamakko
inda injin casa ke tari tun asuba.
Wata shida zan yi ina koyo.
Ba albashi, sai kuɗin mota
da shayin ƙarfe goma.

Na koyi jera fayil bisa lamba.
Na koyi rajistar safe:
wa ya makara, wa ya sa wa abokinsa hannu,
biro ɗaya, rubutu ɗaya, suna biyu.
Na koyi hutun shekara da hutun haihuwa,
na koyi cewa kwamfuta ba ta jin "sai wani jiƙon",
kwanan wata take so.

Sai ga ni na san albashin kowa.
Mai babbar rigar nan ta ranar Juma'a,
na san abin da bashi ke yanka masa duk wata.
Kawuna ya tare ni bayan isha'i,
"Ɗiyata, nawa manajanku ka ɗauka?"
Na ce, "Kawu, miyar nan ta ji daddawa."
Ashe na samo makullin.

Wata Laraba saƙo ya sauko daga bene:
Ɗan'ige mai ɗinkin buhu
kwana huɗu ba a gan shi ba,
a rubuta masa takardar tuhuma.
Na buga ta kafin shayi ya huce,
ba kuskure ko na ɗigo.
Na miƙa ina jiran yabo.

Ta karanta, ta kife ta,
ta ɗora kofinta a kai.
"Kin buɗe fayil nai?"

Lamba arba'in da bakwai.
Shekara goma sha tara, ba jan biro ko ɗaya.
Hoton saurayi mai baƙin gemu,
tsatsar ƙusa ta ci masa kafaɗa.
Ranar haihuwa, ɗaya ga Janairu,
kamar rabin mutanen kabad ɗin.
Wajen magaji an soke sunan mace,
ba a rubuta wani ba.
Na kira lambarsa, a kashe.

Mun same shi Runjin Sambo
zaune a zaure, gemu ya yi fari fat,
basilla a hannu, zare a ɗayan,
yana kai su ga juna suna saɓawa.
Bai ɗago ba ya ce,
"Hajiya, kafar allura ta ɓace mani.
Kunya nika ji yara su gani."
Yana ta rufe masa ido kamar kindirmo.

Malama ta zauna bisa dakali,
ta tambaye shi kwana, ta tambaye shi zafi,
ta daɗe ba ta ambaci aiki ba.
Can ta ce, "Ka san kuɗin asibiti
da aka daɗe ana cirewa cikin albashinka?"
Bai sani ba.
Ya ɗauka haraji ne.

Da la'asar na yaga takardar safe,
na buga wata: neman hutun jinya,
na cika fom ɗin inshora layi-layi.
Hannuna na rawa, na yi kuskure biyu.
Malama ta gyara su da fensir
ba ta ce komai ba.

Washegari na tarar da kujera gefen tagarta,
ƙafa ɗaya ta gaza,
an tokare ta da tsohuwar rajista.
Na zauna a hankali.
Saura fayil ɗari da sittin
ban buɗe ba.