Kwarin da Ba Ya Magana

Gara ta cinye kwarin babanmu,
Damina uku yana saƙale a rumbunmu,
Na ɗauko shi, ya zube a hannuna kamar gari.

Maratayinsa kaɗai ya saura,
Gumin kafaɗa ya rine shi baƙi ƙirin,
Na cusa shi aljihu, ba wanda na ba labari.

Ran Lahadi muka nufi Gujungu,
Ni da Baba Nomau, wanda ya san lungu-lungu
Na dajin da yau rabinsa gona ne, rabinsa gari.

Yana ta rufe masa idanu,
Ni ke jan sandarsa in mun zo rami,
Amma kunne? Ko ƙadangare ya haɗiyi yawu, ya ji da wuri.

A rumfar Cindo baduku na tsaya cak.
Ga wani ja da kore, ya sha geza,
Da ɗan madubi a wuya yana ƙyalli,
Idona ya saye shi tun baki bai yi tayin fari.

Baba ya ce, "Miƙo." Ya zuba kibau bakwai,
Ya kai shi kunne, ya girgiza.
Kacau-kacau! Ya ja tsaki:
"Wannan maroƙi ne, yaro, ba kwari.

Kafin ka tsallake kunya ɗaya a saura
Ya gaya wa gada sunanka da na kakanka,
Madubin nan ya aika wa zabi rana.
In kalankuwa za ka, saya, 'yan mata su yi marmari."

Cindo ya yi dariya har hula ta karkace,
Ya jawo wani buhu daga bayan rumfa,
Ya zazzage munana, ba ado, ba tsari.

Na farko gorarsa ɗanya, "Bazara za ta tsaga shi."
Na biyu bakinsa kamar na tulu.
Na uku Baba ya shinshina, ya ture:
"Jima ba ta nuna ba. Iska ɗaya, gyado ya bar wuri."

Sai wani baƙi, siriri, ba mai kallonsa,
An zura masa fatar jelar sa tun tana ɗanya,
Ta bushe ta kama shi, ba ɗinki, ba ɗauri.

Murfinsa ya buɗe da ƙyar, ya ce fuk.
"Haka nake so. Dafi ba ya shiri da raɓa,
Kuma gidanku akwai yara masu hannun biri."

Ya sa aka tura audugar rimi a gindi,
Ya zuba kibau, ya girgiza. Shiru.
Ya sake, da ƙarfi. Shiru kamar kabari.

"Rataya. Rufe ido.
Ga gada can gindin sabara. Zaro!"
Hannuna ya kai, kyauro ya zo da kansa,
Ba lalube, ba jinkiri.

Baba ya taya, Cindo ya ce albarka,
Suka yi ta ja har ladan ya kira azahar,
Aka sallama, aka raba goro ɗaya fari.

Sannan na fito da tsohon maratayi.
Baba ya shafa shi, ya daɗe bai tanka ba.
"Na Ɗangoje ne. Ga inda ƙaya ta yage shi
Daren da kura ta kwanar da mu a kan marke.
Cindo, ɗinka masa shi. A hankali, ban da sauri."

Asubar Talata na shiga fadama,
Kwari a haƙarƙarina, bai ce uffan ba.
Gada ta fito. Na zaro, na ja tsirkiya, na saki,
Kibiya ta je ta gai da kututturen kalgo,
Gada ta kaɗa kunne ta faɗa kwari.

Na dawo, Baba na zaune gindin ceɗiya.
"Ta ji zuwanka?" Na ce, "Ko kusa."
"To kwari ya yi nasa, saura hannu.
Shi kuwa ba a kasa shi a Gujungu,
Tafi ka ciro kibiyarka, ka koyi haƙuri."