Kore Na Uku

A Prato, bayan gadar kogin Bisenzio,
akwai wani sito mai rufin kwano
inda Gualtiero ke zama a ƙasa, ƙafa a miƙe,
bayansa jingine da dila.
Shekara arba'in da ɗaya ke nan.
Siminti ya san shi, har ya yi masa gurbi.

Da safe mota kan sauke dilolin gwanjo
daga garuruwan da bai taɓa takawa ba.
Ya datse waya, dila ta yi ajiyar zuciya,
ta amayar da kwat, suwaita, siket, mayafi,
da warin ɗakunan mutane.

Ba ya dubawa sosai. Yatsa ne idonsa.
Ya murza, ya jefa:
shuɗi can, ruwan toka nan,
ja kuwa kashi bakwai ne a wurinsa,
tun daga jan tumatir har jan da ya gaji da zama ja.
In ƙyalle ya yi masa gardama
sai ya zaro zare ɗaya, ya ƙyasta ashana.
Ulu na gaskiya ƙaurin gashi yake yi,
na ƙarya ya dunƙule, ya zubar da baƙin hawaye.

Aljihu ne kaɗai ke tsayar da shi.
Gwangwanin gahawa a gefensa ya kusa cika:
tikitin jirgin ƙasa da ba a huda ba,
haƙorin yaro a naɗe cikin takarda,
makullin wata ƙofa a wata ƙasa,
jerin cefane, madara, albasa, kyandir biyu.

Ran Alhamis Nives kan zo a kan kekenta.
Shafi take saye, wanda inji ba ya ci,
da maɓallai, da wuyan riga.
Su ɗora a sikeli, su yi ciniki kamar masu tsohuwar gaba.
"Kilo uku."
"Biyu da rabi. Ɗage babban yatsanka, ina gani!"
Ta biya, ta tafi tana mita,
ta mai da su 'yan tsana, jakar burodi,
da bargon faci-faci da ake rububi a kasuwa.

Sai sanyin da ya tafi da Ilva.

Wata huɗu kayanta na rataye.
Jikarsa ce ta tattara su a baƙar leda,
ta ce, "Kaka, kai ka san inda suke zuwa."
Ya sani. Wa ya fi shi sani?

Ya zauna a gurbinsa, ya kwance bakin leda.
Siket ruwan ƙasa, ya jefa.
Suwaita biyu, ya jefa.
Sai koriyar kwat,
wadda ta sa ran da suka je ganin teku a Viareggio,
iska ta fizge mata hula, tana bi tana dariya.
Yatsa ya ce: ulu tsantsa, kore na uku, tsibin hagu.
Hannu ya ƙi.
A aljihu, alewar na'ana'a guda
da rasitin gyaran takalminsa.

Alhamis ce.
Nives ta tsaya a ƙofa, ba ta ce uffan ba.
Ta ciro almakashi daga jaka,
ta durƙusa, gwiwa na ƙara,
ta bi ɗinki a hankali har shafi ya rabu da ulu.
Ranar ba a taɓa sikeli ba.

Ulun, shi ya jefa da kansa.
Inji ya yage, ya kaɗa, ya mai da shi zare.
Wataƙila yanzu yana wuyan wani ɗalibi
da ke jiran mota cikin dusar ƙanƙara.

Bayan mako biyu ta dawo da matashi,
ɗan ƙarami, siliki ruwan zuma,
maɓallai huɗu a jere a gefe guda.
Na biyar, in ji ta, ta nema ta rasa.
Bai gaya mata yana cikin gwangwani ba.

Yanzu tsakanin bayansa da dila
akwai wani abu mai laushi.
Mota ta zo. Ya datse waya.
Shuɗi can.
Ruwan toka nan.