Wa Ya Gani?

Ƙarfe ɗaya na dare, an ɗauke wuta a Gyallesu,
ba haske sai na wayar da ke tafin hannuna.
Hoto ya faɗo: gini na ci da wuta, hayaƙi ya turnuƙe.
A ƙasa an rubuta: Sabon Gari ke nan yanzu,
ku tura wa 'yan'uwa kafin gari ya waye.
Babban yatsana ya riga hankalina farkawa.
Saura ƙiris.

Sai na ji tarin Malam Tanimu.
Shekara shida da kai shi makwanci, tarin nan bai bi shi ba.
Ajinsa na yamma a Tudun Wada, bayan shagon mai walda,
benci huɗu, allo mai tsaga a kusurwa,
ba ya koyar da abin da ake cin jarrabawa da shi.
Yau taswira, gobe yadda wuri ya daina zama kuɗi,
jibi dalilin da Kubanni ke yin ja da damina.
Ya taɓa haɗa mu gardamar kwana uku
kan ko ɓarawon da aka kama a kasuwa na da haƙƙi.
Da muka gaji, ya ce kowa ya koma ɓangaren da ya ƙi.
Ni da na ce a jefe shi,
ni aka ɗora wa kare shi.
Na yi gumi. Na nemo masa suna, na nemo masa uwa,
na nemo masa yunwar da ta fito da shi.
Tun ranar dutse ke yi wa hannuna nauyi.

Tambayoyinsa ba su wuce uku ba,
yana jefo su kamar mai ƙirga canji:
Wa ya gani? Yaushe?
Wa zai ci riba in ka yarda?

Na janye yatsa.
Na rubuta wa 'yan ajinmu,
mu goma sha bakwai da waya ta ɗaure kamar tsintsiya
bayan aure da aiki sun watsa mu:
Wa ya gani?

Rifkatu ta amsa daga Wusasa, ashe ita ma ba ta runtsa ba.
Irin hoton ya iske ta,
sai dai a nata an ce mu muka cinna.
Obinna mai batir ya leƙa ta tagar benensa:
Nan Sabon Gari kare ne kawai ke haushi,
sai mai shayi da ke ɗauraye kofuna.
Shamsiyya a Samaru ta buɗa hoton har ya dushe,
ta ce ku dubi lambar motar can, ba ta ƙasar nan ba ce,
wutar nan ta girmi ɗana.

Muka raba unguwanni kamar masu rabon goro.
Kowa ya kira wanda zai ji maganarsa.
Na kira ƙanena sau tara kafin ya ɗauka,
ina jin ƙarar ƙarfe a bayan muryarsa.

Mudi ya ce mu matsorata ne, ya fice daga cikinmu.
Har yau bai dawo ba.
Lambarsa na nan, ban goge ba.

Da asuba an kwashe samari a Kwangila,
har da Ɗanliti, da bai san hawa ba bai san sauka ba,
fasinja kawai ya sauke.
Kande ta baro Kongo da littafin doka a jakar hannu,
ta zauna kan bencin caji ofis ba ta ɗaga murya ba,
tana tambayar laifinsa, tana duba agogo,
har aka gaji da ita aka buɗe ƙofa.

Gari ya waye. Mai ƙosai ta hura wutarta,
ita kaɗai ce wutar da na gani da idona.
Na wuce ta bayan shagon mai walda.
Ajin ya zama wurin ajiye buhunan siminti,
amma allon na jingine,
tsagar na nan yadda take.